Idan Kuɗi Sun Zo a Dunƙule: Jagora ga Mai Neman Inda Zai Juya Ɗan Abin Hannunsa

Yawancinmu ba mu saba riƙe kuɗi masu kauri a lokaci guda ba. Albashi ko cinikin yau da gobe shigowa yake kaɗan-kaɗan, ya fita kaɗan-kaɗan. Amma akwai ranar da ake raba gado, ko a biya kuɗin sallama bayan ritaya, ko kwasar adashi ta zagayo kan mutum, ko ya sayar da wata gona. Sai ga naira miliyan biyu ko uku ko biyar a hannunsa, kuɗin da ba su kai a kira shi attajiri ba, amma idan suka salwanta ba lalle ya sake ganin irinsu ba.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, ina ne aka fi samun riba? Wannan ya kamata ta zo daga ƙarshe. Akwai biyu da suke gabanta: yaushe zan bukaci kuɗin nan, kuma nawa zan iya rasawa daga cikinsu ba tare da gidana ya girgiza ba? Wanda ya amsa waɗannan tsakaninsa da Allah, zaɓin inda zai sa kuɗi ba zai ba shi wuya ba.

Mataki na farko: dakata

Ka ba kanka wata ɗaya ko biyu ba ka taɓa kuɗin ba. Shawarar da aka yanke cikin ɗoki, ko cikin jimamin rasuwa idan gado ne, ba kasafai take yin kyau ba. Ka kuma rage yawan waɗanda suka san zancen, domin labarin kuɗi yana fita masu kawo "harka" suke fara sallama a ƙofar gida.

A wannan tsakanin kuɗin su zauna a banki, ba a ɗaki ba. Hukumar NDIC, wadda ke ba ajiyar banki kariya a Najeriya, ta ɗaga abin da take biyan kowane mai ajiya idan banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankuna masu ba da rance, tun shekarar 2024. An ga amfanin haka a watan Yunin shekarar, lokacin da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Saboda haka idan kuɗinka sun haura wannan iyaka, raba su gida biyu. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da bankunan da ba sa mu'amala da shi: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021.

Sai dai dakatawa ba ta nufin a bar kuɗi su kwana shekara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, kayan da aka saya miliyan ɗaya shekara guda kafin nan sun koma miliyan ɗaya da dubu 348. Wanda ya ajiye miliyan ɗayarsa cif, lambar ba ta canza ba, amma abin da za ta saya ya koma na kusan dubu 742. Ajiya kawai ma hasara ce, sai dai ba a jin zafinta nan take.

Mataki na biyu: share fage

Kafin a yi zancen jari, abu uku za a fitar.

Na farko bashi. Duk bashin da ke hayayyafa, kamar na manhajojin rance na waya, shi ne farkon biya, don babu halattacciyar harkar da ribarta za ta kamo gudun ruwan da suke ɗorawa. Bashin mutane kuma haƙƙi ne, kuma biyansa yana sayo maka amana, wadda ita ma jari ce a kasuwa.

Na biyu kuɗin ko-ta-kwana. Lissafa abin da gidanka ke ci a wata, da abinci da makaranta da magani da haya, ka ninka sau uku, ko sau shida idan samunka ba tsayayye ba ne. Waɗannan kuɗi ba a juya su, a asusu suke zama inda za ka iya cirewa ko da tsakar dare. Rashinsu ne ke sa mutum ya karyar da rago ana saura wata biyu Sallah, ko ya sayar da fili rabin kuɗinsa saboda an kwantar da yaro a asibiti.

Na uku rabon 'yan uwa. Zumunci ba abin gudu ba ne, amma a yanka masa kaso tun farko. Idan ka ware adadin da za ka iya bayarwa da zuciya ɗaya, za ka iya duban babban wanka ka ce, "Yaya, ga abin da ya sawwaƙa, sauran kuma an riga an yi masa wuri, a yi mini haƙuri." Ka ba da shi a matsayin kyauta. Rancen da ke tsakanin dangi ba kasafai yake dawowa ba, kuma idan ya maƙale da zumuncin yake tafiya. Ka kuma tambayi malami game da zakka: idan dukiya ta kai nisabi, wato ƙimar zinare giram 85, kuma shekara ta zagayo mata, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari.

Mataki na uku: raba saura bisa lokaci

Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya. Ka kasa shi bisa ranar da za ka neme shi. Kuɗin da za a aurar da yarinya da su nan da wata takwas ba sa shiga fili ko hannun jari, domin ranar bukata ba lalle a sami mai saye da daraja ba. Kuɗin da ba za ka waiwaye su ba sai bayan shekara biyar su ne za su iya jure hawa da saukar kasuwa. Da wannan ma'auni za ka auna kowace hanya da ke ƙasa.

Sukuk da takardun gwamnati

Ga wanda ba shi da lokacin tsaron kasuwa, sukuk na gwamnatin tarayya yana cikin mafi kwanciyar hankali. Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya fara fitar da shi a 2017: naira biliyan 100 na tsawon shekara bakwai, ana biyan kuɗin haya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. Kuɗin an yi tituna da su a shiyyoyi shida na ƙasar, har da wasu sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Tsarinsa shi ne masu zuba kuɗi su mallaki kadarar, gwamnati ta riƙa biyansu haya sau biyu a shekara, idan wa'adi ya cika ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Da naira dubu 10 ma ana shiga. Ba kullum ake sayar da sabo ba, sai an yi sanarwa, sannan a cike takarda ta hannun banki ko dillalin hannun jari mai rajista.

Rauninsa biyu ne. Idan hauhawar farashi ta fi hayar da ake biya, darajar kuɗinka tana raguwa duk da kana karɓar riba. Idan kuma ka matsu ka sayar kafin wa'adi, farashin ranar za ka karɓa, yana iya gaza abin da ka zuba. Akwai kuma takardar tanadi ta gwamnati da ake sayarwa duk wata tun 2017, ta shekara biyu ko uku, daga naira dubu 5, sai dai ita kuɗin ruwa take biya, kowa ya san matsayinsa a kan haka.

Hannun jari

Sayen hannun jari mallakar wani yanki ne na kamfani, kamar Dangote Cement ko BUA ko MTN, a kasuwar hannun jari da ke Legas. Ana cin riba ta hanya biyu, rabon da kamfani ke yi a ƙarshen shekara da tashin farashin hannun jarin. Amma waɗanda suka ga 2008 ba su manta ba. Mutane da dama sun sayi hannun jarin bankuna a lokacin da yake tashe, wasu har da rance, kasuwa ta faɗi, aka ɗauki shekaru ba ta farfaɗo ba. Saboda haka kuɗin dogon zango kaɗai ke shiga nan, kuma kada a tattara su a kamfani ɗaya. Wanda bai iya karanta rahoton kamfani ba, gara ya shiga asusun haɗaka, inda ƙwararru ke tara kuɗin jama'a su baza su a wurare da yawa. Akwai irin waɗannan asusai da ke bin ƙa'idar Musulunci, ba sa taɓa kamfanonin giya ko caca ko masu cin ruwa. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ka tabbatar sunan kamfanin yana cikin jerin waɗanda hukumar SEC, mai sa ido a kan kasuwar hannun jari, ta yi wa rajista.

Kiwo da ajiyar hatsi

Waɗannan su muka gada, shi ya sa muke raina haɗarinsu. Ɗauki turkar raguna domin Babbar Sallah. Ana sayen rago mai ƙashi, wanda ya rame amma lafiyarsa ƙalau, wata uku ko huɗu kafin layya. A duba haƙoransa don sanin shekaru, a duba hanci ko yana yoyo, a duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo. Yana isowa gida a ware shi daga sauran dabbobi na 'yan kwanaki, a ba shi maganin tsutsar ciki, a kira malamin dabbobi ya yi masa rigakafi. Sannan a shiga hidimar dusa da harawa da kowa da ruwa mai tsabta safe da yamma.

Ga lissafi na misali, ka sa farashin garinku a madadinsa. Rago dubu 120, abincinsa na wata uku dubu 45, magani dubu 5, ya tashi a dubu 170. Aka sayar dubu 220, riba dubu 50. Raguna biyar sun ci dubu 850, ana sa ran ribar dubu 250. To, ɗaya ya mutu. Huɗun da suka rage suka kawo dubu 880, ribar wata uku ta koma dubu 30, ba a ma sa ladan wahalar mai ba su abinci ba. Wanda zai yi turka ya yi lissafinsa da mutuwar ɗaya a ciki, ya kuma sayi abinci tun da kaka lokacin da harawa ke da araha, domin a wurin abinci ake cin riba ko a rasa ta.

Ajiyar hatsi ma haka take. An saba saye da kaka a sayar da bazara ko farkon damina. Sai an sami ɗaki marar laima, a jera buhuna a kan katako kada su taɓa ƙasa ko bango, wake kuma a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska ba tare da magani ba. Amma tashin farashi ba alkawari ba ne. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko a kasuwanni irin su Dawanau. Masu ajiya da yawa da suka saya da tsada sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Ga kuma gargaɗin malamai a kan ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi don a tsawwala musu.

Fili, zinare da dala

Fili ba ya ruɓewa, ba ya cin dusa, amma yana da wuyar mayarwa kuɗi da gaggawa, kuma rigimarsa ba ta ƙarewa. Kafin ka biya, je ka taka shi da ƙafarka, zai fi kyau da damina don ka ga inda ruwa ke kwanciya. Tambayi maƙwabta da mai unguwa wane ne mai shi. Idan na gado ne, sai duk magada sun sa hannu. Idan mai takarda ne, kai lambar ofishin filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a bincika maka. Filin awon igiya ya fi araha, amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma ranar da hanya ta biyo ta wurin, mai cikakkiyar takarda ya fi ƙarfin neman diyya.

Zinare, wanda mata suka daɗe da sanin sirrinsa, yana riƙe daraja idan naira ta faɗi, kuma ana sayar da shi a yini ɗaya. Sai dai ba ya haihuwa, ga fargabar ɓarawo, kuma ranar sayarwa za a zare kuɗin aikin ƙira. Mai sayen ajiya ya zaɓi marar ado da duwatsu, a auna a gabansa, a rubuta masa nauyi da lambar karat a rasit.

Dala kuwa ta ruɗi mutane da yawa. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A wurin 'yan canji ta kusa 1,900 a watan Fabrairu, a watan Afrilu ta sauko kusan 1,100. Wanda ya ruga kasuwar 'yan canji ta Wapa ya saya a ƙololuwa ya ji a jikinsa. Dala ta dace da mai bukatar dala, kamar mai shirin aikin Hajji ko biyan kuɗin karatu a waje.

Ba wani ya juya maka

Nan ne kuɗin marayu da na zawarawa da na 'yan fansho suka fi nutsewa. A shari'a, idan ka ba ɗan kasuwa jari bisa mudaraba, riba ake rabawa bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi da rabi ko kashi biyu da ɗaya. Idan aka yi hasara ba da sakacinsa ba, kai ka rasa kuɗi, shi ya rasa wahalarsa. Duk wanda ya ce zai riƙa ba ka adadi kaza duk wata ko an ci riba ko ba a ci ba, ya fita daga wannan tsari, kuma sau da yawa daga cikin uwar kuɗinka yake yanko maka.

Idan za ka bayar, ka ba wanda ya riga ya daɗe a sana'ar, ba wanda zai koya da kuɗinka ba. A rubuta adadi, da irin hajar da za a saya, da kason riba, da ranar lissafi, da yadda za a rabu, shaidu biyu su sa hannu, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Fara da kaɗan, ka ga lissafin zagaye ɗaya ko biyu kafin ka ƙara.

Haka batun sayen A Daidaita Sahu a ba direba. Kuɗin da zai riƙa kawowa kullum suna da daɗin lissafi a takarda, amma a cire gyara da taya da takardu da ranakun da ba a fita ba, a tuna cewa bayan 'yan shekaru mashin ɗin ya tsufa. Doka ma tana iya sauyawa dare ɗaya, kamar yadda aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013.

Yadda ake gane 'yan damfara

MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025. Suna ne kawai ke canzawa. Yi lissafin da kanka: dubu 100 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara ɗaya, ta haura miliyan 54 a shekara biyu. Mai irin wannan hanya me zai yi da kuɗinka? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Alamominsu ba sa ɓuya. Riba tabbatacciya wadda ba ta taɓa raguwa. Lada idan ka kawo wani. Gaggawa, wai gobe za a rufe. Bayanin da ba ka gane ba, ana ta ambaton kirifto ko cinikin kuɗaɗen waje. Kada ganin maƙwabcinka ya karɓi nasa ya ruɗe ka, da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, kuma haka za a yi ta yi har ranar da masu shiga suka ƙare. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, wannan aikin SEC ne ko Babban Banki. Sa sunan addini ko hoton wani malami a talla shi ma ba hujja ba ne.

Misalin rabo

A ce malamin makaranta ya karɓi miliyan 3, gidansa na cin dubu 200 a wata, ana binsa dubu 300. Ya biya bashin. Ya ajiye dubu 600 na ko-ta-kwana. Ya ware dubu 150 na sadaka da dangi. Saura miliyan ɗaya da dubu 950. Ya sa dubu 900 a sukuk ko asusun haɗaka mai rajista, domin karatun yara nan da wasu shekaru. Dubu 700 su shiga sana'ar da shi ko maiɗakinsa suka riga suka iya kuma suke gani da idonsu, ko turka ce, ko ƙara kaya a shago, ko keken ɗinki da yadi. Dubu 350 su tafi zinare. Idan turka ta ba da hasara, sukuk na nan. Idan naira ta faɗi, zinare ya tare wani abu. Ɗan kasuwar da ya san hajarsa zai iya karkata rabon zuwa shagonsa, dattijon da ya yi ritaya kuma ya karkata shi zuwa inda ba a faɗuwa da yawa, tunda ba shi da albashin da zai cike giɓi.

Kafin ka miƙa ko sisi, amsa tambaya huɗu a rubuce. Ta ina ribar ke fitowa, kuma zan iya bayyana ta ga wani cikin jimla biyu? Idan abin ya lalace, nawa zan rasa? Idan na bukaci kuɗina, kwana nawa zan jira? Wa zan kama, kuma a gaban wa? Duk harkar da ta kasa amsa ɗaya daga ciki, bar ta ta wuce, wata za ta zo. Wadda ta amsa duka kuma, ka yi shawara da wanda ya san fannin amma ba shi da abin da zai samu idan ka shiga, ka yi istihara, sannan ka sa hannu. Ka buɗe littafi guda ka rubuta inda kowane kaso yake da inda takardunsa suke, ka sanar da mutum ɗaya amintacce a gidanka, domin dukiya da yawa ta maƙale a bankuna da hannun mutane saboda mai ita ya rasu magada ba su san da ita ba. Duk wata shida ka buɗe littafin ka kwatanta abin da ka samu da yadda farashin kaya ya tashi, abin da ya gaza ka sauya masa wuri.